Wa Ya Ce Ɗan Sassumbrum Ba Zai Gane Kishiyar Zarra Ba?

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, mu malaman lakwal, wadda ya kamata mu ji kunyarta. Yaro ya yi tambayar da ta wuce abin da ke cikin kaye, sai a daka masa tsawa a ce ya zauna, wai ba ya cikin purogiram. Cikin tambayoyin da ke shan wannan tsawa har da ta abin da masu Faransanci ke kira antimatiyar, masu Ingilishi kuma antimata. Yara na cin karo da maganar a TikTok da WhatsApp cikin wayoyin yayyensu. Wani ya ce makami ne da cokali ɗaya zai tashi duniya, wani ya ce ai aljannu ne Turawa suka gano suka sauya musu suna. Yaro ya kawo gardamar aji don malam ya raba, malam ya kore shi. Ya kai gida, baba ya ce ya bar shiga abin da ba a sa shi ba. Sai ya koma wurin mai waya, tun da shi ba ya korar kowa.

Ina da ja a kan wannan, kuma da abokan aikina nake, tare da sufetoci da iyaye. Ɗan Sassumbrum da ɗan Magaria da ɗan Dungas suna da haƙƙin a yi musu bayanin abin da aka gina duniya da shi, da abin da masana suka gano da wanda har yau ya gagare su, kuma a yi da Hausa duk inda Faransanci ya tsaya musu a wuya. Ni ba masanin fizik ba ne, makarantar horon malamai na yi kamar yawancinmu. Amma gani ya kori ji, bari a fara da bayanin kansa.

Duk abin da ido ke gani, daga ƙasar gona zuwa jikin mutum, da zarra aka gina shi. Kowace zarra tana da cibiya mai ɗauke da furoton da nitoron, elektoron kuma na kewaye da ita. Furoton na da cajin lantarki mai alamar ƙari, elektoron na da mai alamar ragi. Wannan ɗan turwaziyam ya san shi, ko aƙalla ya haddace shi. Abin da ba mu faɗa masa shi ne kowace ƙwaya daga cikinsu tana da kishiya: nauyinsu ɗaya, amma alamar cajin ta juye. Nitoron ma da ba shi da caji yana da tasa. Kalmar kishiya ba baƙuwa ba ce a aji, da ita muke koyar da cewa dogo kishiyar gajere ne. Ta kuma dace ta ɗaya fuskar, domin in elektoron ya haɗu da kishiyarsa ba a kwana lafiya. Dukansu biyu ɓacewa suke yi, nauyinsu ya koma haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda ake kira hasken gamma, ya fita tsinke biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma.

A kan takarda aka fara ganin abin. A 1928 wani ɗan Ingila mai shekara 25, Paul Dirac, ya rubuta lissafin tafiyar elektoron, sai lissafin ya ba shi amsa biyu. Duk ɗalibin da ya san cewa lambar da aka ninka da kanta ta ba da 4 tana iya zama 2, tana kuma iya zama −2, zai gane abin da ya faru. Sau nawa muke ce wa yaro ya jefar da amsa mai ragi don wai ba ta da ma'ana? Dirac bai jefar da tasa ba. A 1931 ya fito ya ce lalle akwai wata ƙwaya mai nauyin elektoron amma mai cajin ƙari. A 1932 Carl Anderson a Kaliforniya ta Amurka ya ɗauki hoton sawunta cikin wani akwatin tururi, ta lanƙwasa ta gefen da elektoron ba ya bi a gaban maganaɗisu. Aka raɗa mata suna fozitoron. A 1955 aka samar da kishiyar furoton a Berkeley. A 1995 cibiyar bincike ta CERN, da ke kan iyakar Faransa da Suwis kusa da Janeba, ta haɗa cikakkun zarra tara na kishiyar haidurojin. A 2010 suka tsare 38 cikin tarkon maganaɗisu, a 2023 kuma suka saki wasu da suka tsare don su ga ina za su nufa, sai suka faɗi ƙasa kamar yadda dutse ke faɗuwa.

Ga kuma tambayar da ta hana masana barci. Duk lokacin da aka ƙera ƙwaya daga makamashi a ɗakin bincike, tare da kishiyarta take fitowa. Idan haka abin ya kasance a farkon buɗewar sararin samaniya, kusan shekara biliyan 14 da suka wuce, da sun cinye juna kaf, ba rana, ba wata, ba gero, ba mu. Lissafi ya nuna cewa a cikin kowace biliyan ɗaya, wato miliyan dubu, an samu rarar ƙwaya kamar guda ɗaya da ba ta da abokiyar mutuwa. Manomi zai fi kowa gane wannan adadi. In ƙwayar gero dubu ta yi giram takwas, biliyan ɗaya buhu 80 ke nan na kilo ɗari. A ce buhu 80 sun ƙone tare da wasu buhu 80, ƙwaya ɗaya tak ta tsira. Daga irin wannan rara aka yi duk taurarin da muke gani in mun shimfiɗa tabarma a tsakar gida da bazara. Me ya kawo rarar? A 1964 James Cronin da Val Fitch sun ga ɗan bambanci tsakanin halin wasu ƙwayoyi da na kishiyoyinsu. A 1967 Andrei Sakharov na Rasha ya jera sharuɗɗa uku da sai sun cika rara za ta samu. A 2025 an ga irin wannan bambanci a CERN cikin dangin furoton. Duk da haka bambancin da aka auna bai kai ya biya lissafin ba, tambayar na nan a buɗe.

To, a cikin abin da ya gabata, wace jimla ce ta fi ƙarfin yaron da ke iya lissafin ribar tiya goma ta riɗi a ka, ba alli ba takarda? Saura uzurorin da muke fakewa da su.

"Ba ya cikin purogiram"

Mai faɗin haka bai buɗe littafin fizik na taminal C ko D ba. Akwai babin cibiyar zarra da ruɓewarta, a cikinsa kuma akwai nau'in da ake kira beta mai ƙari, inda cibiya ke tofo wata ƙwaya da ɗalibi ke rubutawa da harafin e da +1 a gindinsa. Wannan ƙwayar ita ce fozitoron. Ɗalibanmu suna rubuta kishiyar zarra a takardar BAC, su daidaita lissafi, su ci maki, su fita lise ba wanda ya taɓa gaya musu abin da suka rubuta. Ba wanda ya ba su labarin yadda Irène Curie da mijinta Frédéric Joliot, a 1934 a Paris, suka harbi alminiyom, irin wanda ake zuba tukwane da shi a kasuwanninmu, ya juye ya zama wani sinadari mai tofo fozitoron, abin da ya ba su kyautar Nobel a 1935. Minti biyar wannan labari zai ci, amma mun fi son yaro ya kwafe allo.

Babin kuma yawanci a wutsiyar littafi yake. Shekara ta fara a makare, yajin aiki ya ci nasa rabo, hadarin farko ya taso hankalin kowa ya koma gona, sai a bi babin a guje ko a tsallake shi. Ƙasar da ake haƙo yuraniyom a cikinta ita ce ɗalibanta ke barin babin zarra sai in lokaci ya rage.

"Ba namu ba ne, kuma ba ya kawo tuwo"

Wannan uzuri ya fi kowanne ɓata mini rai, domin a bakin ɗan Nijar bai dace ba ko kaɗan. Tun 1971 ake fitar da yuraniyom daga Arlit. Kowace zarrar yuraniyom 238, a kan doguwar hanyarta ta ruɓewa har ta zama dalma, tana sakin ƙwaya shida na kishiyar nutirino, wata ƙanƙanuwar ƙwaya marar caji da ke ratsa dutse kamar babu shi. Duwatsun arewacin ƙasarmu na fitar da su dare da rana, kuma tun 2005 wata na'ura a Japan mai suna KamLAND ta kama irin waɗannan masu fitowa daga cikin ƙasa. Tashoshin nukiliya kuwa ambaliyarsu suke yi. A gefen irin wannan tasha a Amurka Clyde Cowan da Frederick Reines suka fara kama ta a 1956. A Faransa, ƙasar da ta shekara da shekaru tana sayen yuraniyom ɗinmu, masana sun kafa na'urori kusa da tashar Chooz suna auna waɗannan ƙwayoyi, ɗalibansu na samun digirin dakta a kai. Mu muka haƙa muka shaƙi ƙura, su suka sami wuta, suka kuma sami ilimin da ke cikin wutar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A watan Yunin 2025 gwamnati ta karɓe kamfanin SOMAÏR, aka yi ta muhawara a kai. Ko mene ne ra'ayin mutum, rami kawai ake karɓa da takardar doka. Sanin abin da ke cikin ramin a aji ake gina shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai neman tuwo kuma ya je asibiti ya gani. Akwai na'urar hoton jiki da ake kira PET, wadda da fozitoron take aiki. Ana yi wa majinyaci allurar sukari da aka liƙa wa sinadarin fuloo 18. Ƙwayoyin ciwon daji sun fi sauran jiki zarin sukari, sai su tara shi. Sinadarin ya tofo fozitoron, fozitoron ya haɗu da elektoron na jiki, tsinken haske biyu su fita gabas da yamma, na'ura ta bi sawunsu ta nuna wa likita daidai inda ciwon yake. Sai dai rabin wannan sinadari na ƙarewa cikin kowane minti 110. A ba ɗan kolej wannan aiki: in aka ɗauko shi daga Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, motar ta yi awa 13, nawa zai rage? Rabi sau bakwai ke nan, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ma'ana ba maganin da za a yi oda a ajiye a kanti ba ne, dole a ƙera shi kusa da gadon majinyaci, dole kuma a sami ɗan ƙasa da ya iya ƙera shi. A 2021 aka buɗe sashen gashin ciwon daji na farko na gwamnati a Yamai, jami'ar Yamai kuma na da cibiyar nazarin irin waɗannan sinadarai. Su wa za su riƙe waɗannan wurare nan da shekara ashirin, in ɗan ƙauye an riga an gaya masa zarra ba tasa ba ce?

Abin ma bai tsaya a Arlit da asibiti ba. Ayabar da ake sayarwa a bakin tasha tana ɗauke da ɗan fotasiyom 40, tana kuma sakin fozitoron ɗaya kusan kowane minti 75. Jikin mai sayen ayabar ma haka yake yi. Hadarin damina kuwa ya fi su. Ran 14 ga Disamba 2009 tauraron ɗan Adam na Fermi yana saman Masar ya kama fozitoron da tsawa ta haifa a wani hadari can a Zambiya, suka biyo layin maganaɗisun duniya suka same shi. Abin da ke cikin ayaba da gajimare da jikin ɗanka, ta yaya ya zama na Bature shi kaɗai?

Wanda ya ce irin wannan karatu ba na ƴaƴanmu ba ne ya tuna da Abdou Moumouni Dioffo. A Tasawa nan maƙwabtanmu aka haife shi a 1929. Ya kai ƙololuwa a ilimin fizik a Faransa, ya dawo gida ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, ya shugabanci jami'ar Yamai wadda yau ke ɗauke da sunansa. Ya tuna da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafin lissafi ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya tuna da Ketevi Assamagan, ɗan Togo da ya fara karatun jami'a a Lome, yau yana cikin masu bincike a CERN, yana kuma cikin waɗanda suka kafa makarantar fizik ta Afirka da ta fara zama a 2010, ta zo Kumasi a 2012 da Dakar a 2014. Babu ɗayansu da aka haifa cikin ɗakin bincike.

"Yana taɓa imani"

A nan ɓangare biyu ne ke ɓata mana yara. Na farko su ce kada a yi zancen farkon sararin samaniya a aji, wai shiga hurumin Ubangiji ne. Wanda ya auna nauyin ƙwayar gero bai musanta wanda ya halicci gero ba, kuma malamanmu na da sun lissafa tafiyar taurari don sanin lokacin shuka da alƙibla ba wanda ya kafirta su. Na biyu su ne masu saƙon murya da ke cewa kishiyar zarra ita ce aljan, ko su ɗauko aya su ɗaura mata duk wani sabon bincike da suka ji a rediyo. Waɗannan suna ganin taimakon addini suke yi, alhali kasada suke yi da shi. Sakamakon bincike yana sauyawa in an sami na'ura mafi kyau. In ka jingina imanin yaro a kan awon bana, awon baɗi ya zo daban, me ka yi masa? Fozitoron abu ne da ake aunawa, a san nauyinsa, a tsare shi cikin tarko, a yi wa majinyaci hoto da shi. Gaibu kuwa ba a sa shi a sikeli. A bar kowanne a muhallinsa.

Zancen makamin da zai tashi duniya kuma da alli ake kashe shi. Gaskiya ne giram ɗaya na kishiyar zarra in ya haɗu da giram ɗaya na zarra zai ba da kilowat miliyan 50 na awa guda, kusan ninki uku na bam ɗin Hiroshima na 1945. Amma duk abin da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa tun 1955 da nanogiram ake ƙirga shi, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram. Nanogiram 20 kilowat ɗaya kacal za su bayar, kilo ɗaya na busasshen icce ya fi su zafi. Ƙera su kuma na cin wutar da ta ninka wadda za su mayar sau miliyoyi, ga shi ba tulun da za a zuba su, tun da duk abin da suka taɓa tare suke ɓacewa. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa sau ɗaya, ba mai waya da zai sake firgita shi, a kan wannan ko a kan allurar rigakafi.

"Muna ajin zana, kana mana zancen Suwis"

Wannan ne uzurin da ke da nauyi, ba zan raina shi ba. Muna da azuzuwan kara da iska ke kwashewa, ba mu manta da yaran da gobara ta cinye a irinsu a Yamai da Maraɗi a 2021 ba. Muna da ƴan CM da ba sa iya karanta jimla, da kolej da ba ta taɓa ganin ɗakin gwaji ba, da malaman kwantaragi da ke jiran albashi. Duk gaskiya ne, kuma wajibi ne mu ci gaba da kuka a kai har a ji. Amma a duba abin da nake nema: ba na'urar CERN mai zagayen kilomita 27 na ce a kawo Sassumbrum ba. Dirac da fensir da takarda ya yi nasa aikin. Lissafin buhunan gero, da na motar Damagaram, da na kilon icce, duk a allo ɗaya za su shiga, kuma su ne ninkawa da rabawar da purogiram ɗin ke nema. Talaucin aji hujja ce a kan gwamnati, ba lasisi ba ne ga malam ya rufe bakin yaro. Yaron da ba shi da tebur, ba shi da littafi, tambayarsa ce kaɗai dukiyar da ya shigo da ita, ita ma mu ƙwace?

Maganar harshe kuma an daɗe da gama ta a takarda. Abdou Moumouni ya kare koyarwa da harsunan gida tun 1964 cikin littafinsa L'Éducation en Afrique. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In bayan duk wannan Hausa ba ta wuce gaisuwa da waƙar buɗe taro ba, in ba za a iya faɗin fozitoron da ita a gaban allo ba, to ado kawai muka yi mata.

Don haka ga abin da nake kira a yi. Malamin fizik ya ɗauko babin zarra ya koyar da shi kafin zafin bazara, sufeto kuma ya mara masa baya maimakon ya tuhume shi da saɓa jeri. Makarantun horon malamai su ware ko da zama biyu ne don malamin firamare ya san abin da zai ce in an tambaye shi rana da taurari da tsawa. Malaman jami'ar André Salifou ta Damagaram su zauna da malaman Hausa su daidaita mana kalmomi, in kishiyar zarra ba ta yi musu ba su kawo wadda ta fi ta, mu karɓa. Malamin da aka yi wa tambayar da ta fi ƙarfinsa ya rubuta ta a gefen allo, ya nemo amsa kafin Juma'a, wayar da yake kallon ƙwallo da ita ta isa wannan aiki.

Ku kuma iyaye, in yaro ya zo da irin wannan tambaya kada ku ce masa iyayi. Ku ce ya kai wa malam, ku kuma bi sawu a taron iyayen yara ku ji ko an amsa. Ƴaƴa mata su ma a bar su su kai BEPC su wuce, domin Irène Curie ɗiyar wani ce, ba a cire ta daga aji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa tanƙwarar da muke yi yanzu ta koya wa yaro shiru ce. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya sa ƴaƴanmu su fi mu sani.